Yadda Za Ka Koyi Ƙirƙirar Rubutu a Jami'a, Daga Cike Fom Zuwa Kundin Digiri

Bara wata ƙanwata da ta gama sakandare ta zo ta same ni da littattafan rubutu guda uku, duk ta cika su da labarai, ta ce, "Yaya, wane kwas zan cike a JAMB in zama marubuciya?" Na daɗe ina juya tambayar kafin in amsa, domin ni ma da irin wannan zato na shiga jami'a, kuma sai da na kai aji biyu sannan na gane inda aka kwana. Abin da na gaya mata shi ne zan shimfiɗa a nan, mataki-mataki. Zan riƙa cewa "ka", amma da mace da namiji duk nake.

A Amurka da Ingila akwai digirin da sunansa ma ƙirƙirar rubutu, inda ɗalibi zai yi shekaru yana rubuta labari da waƙa ana gyara masa. Jami'ar Iowa ta fara irin wannan shiri tun 1936. A yawancin jami'o'inmu na Najeriya ba haka abin yake ba. Ƙirƙira kwas ɗaya ne ko biyu a cikin digirin Hausa, ko na Turanci, ko na wasan kwaikwayo. Sauran duk nazari ne, wato feɗe adabi da tarkensa. Ka ce jami'a mahauta take yayewa, kai kuma kiwo ka zo koya. Amma babu wanda ya san yadda aka haɗa saniya kamar mahauci, don haka dabarar ita ce ka zauna a mahauta shekara huɗu kana kallon ƙashi da jijiya, kana komawa gida kana kiwon naka.

Mataki na farko: zaɓen sashe

Ƙofa uku ce a buɗe. Ta farko digirin Hausa, a Sashen Harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero a Kano, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Sashen Harsuna da Al'adun Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko jami'o'in jiha kamar ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Karatun nan kashi uku ne: harshe, adabi, al'ada. Ta biyu digirin Turanci da adabinsa. Ta uku wasan kwaikwayo, wanda Zariya ta yi suna a kansa, kuma shi ya fi dacewa da mai son rubuta fim ko wasan rediyo, domin a can za ka ga rubutunka a bakin mutane, ka ji inda ya yi tsami.

Wacce za ka bi? Ni dai ma'aunina shi ne harshen da kake faɗa da shi idan ranka ya ɓaci. Idan da Hausa kake masifa, da ita kake lallashi, to a nan ƙarfinka yake. Na ga ɗalibai da yawa sun guje wa digirin Hausa don gudun a ce "Hausa kawai kake karantawa?", suka je suka yi shekara huɗu suna rubuta labaran dusar ƙanƙara da ba su taɓa gani ba. Wannan ba ya nufin Turanci laifi ne. Helon Habila Turanci ya karanta a Jami'ar Jos, ya ci kyautar Caine ta gajerun labaran marubutan Afirka a 2001, yanzu shi ke koyar da ƙirƙirar rubutu a Amurka.

Idan kuma iyaye sun kafe sai wani kwas, kada ka ɗaga hankalinka. Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta NLNG a 2016, aikin jarida ya karanta a Jos. Farfesa Yusuf Adamu na Jami'ar Bayero masanin labarin ƙasa ne, bai hana shi rubuta ƙagaggun labarai da waƙoƙi ba. Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki kwasa-kwasan zaɓi daga sashen Hausa ko Turanci, ka bi sauran matakan nan kamar kowa.

Mataki na biyu: takardu

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu, har da Turanci. Mai neman Hausa ya tabbatar yana da kiredit a Hausa, mai neman Turanci kuma a adabin Turanci. A jarrabawar JAMB darasi huɗu ake ɗauka, Turanci dole ne, sauran ukun ka duba kundin bayanin JAMB na shekarar da kake nema da idonka, kada ka bar wa mai shagon kwamfuta ya zaɓa maka. Yara da yawa sun rasa gurbi saboda haɗin darussa da bai dace ba, ba don makinsu ya gaza ba. Wanda ya shiga ta JAMB shekara huɗu zai yi. Mai NCE ko IJMB yana iya shiga kai tsaye aji biyu, ya yi uku.

Mataki na uku: aji ɗaya, gyara hannu

Shekarar farko cike take da kwasa-kwasan bai-ɗaya da cunkoson ɗakin lakca, kuma ba wanda zai tambaye ka ko kana rubutu. Yi amfani da ita ka kashe matsalar ƙa'idojin rubutu gaba ɗaya, domin ita ce ke kunyata marubutanmu fiye da komai. "Yana" a haɗe take, "shi ne" a rabe. "Zai" da "zan" a haɗe, "za ka" da "za su" a rabe. "Motarsa", ba "motar sa" ba. "Akan" na sabo daban, "a kan" tebur daban. Ka sa wa wayarka allon rubutu mai ƙugiya, domin kafa ba ƙafa ba ce, daga ba ɗaga ba ce, kuma wanda ya rubuta bari yana nufin ɓari ya sauya labarin gaba ɗaya. Edita ko alƙalin gasa da ya ga irin waɗannan kurakurai a shafin farko ba zai kai na biyu ba.

Ka nemi ƙamus. Na Bargery na 1934 har yau babu kamarsa wajen tsofaffin kalmomi, ana ma samunsa a intanet. Akwai kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, wanda Hausa yake fassarawa da Hausa. Ba don neman kalmomi masu wuya ka cusa a labari ba. Don ka tabbatar kalmar da kake zaton ka sani haka take.

Sannan ka sayi ƙaramin littafi da zai shiga aljihu. Duk maganar da ka ji ta tsaya maka a rai, ka rubuta ta yadda aka faɗe ta, kada ka gyara. Cinikin mai kayan miya da uwar gida, zagin kwandasta, yadda tsohuwa ke yi wa jikanta kirari, yadda Basakkwace da Bakano a ɗakinku na kwanan ɗalibai ke musu a kan tuwo. Ɗakin kwanan nan makaranta ce da ba a biyan kuɗinta: karin harshe biyar ko shida a ɗaki ɗaya. Da wannan littafin za ka riƙa ciyar da taurarinka, wato mutanen cikin labarinka, magana daga baya.

Ka kuma ɗora wa kanka kalma 300 a rana. Shafi ɗaya ke nan. Ba ta da yawa, shi ya sa za ka iya riƙe ta ko a makon jarrabawa. Bayan sallar asuba ya fi, kafin hayaniya ta tashi kuma kafin wayar ta kama ka.

Mataki na huɗu: juya kowace lakca ta koma aikin hannu

A nan ne asirin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Daga aji biyu za a fara koya maka kayan aikin nazari. A rubutun zube za ka ji jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo, taurari. Za a ba ka tarihin yadda ƙagaggen labari ya fara a boko, daga gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta fito da su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa, har zuwa adabin kasuwar Kano da ya ɓarke a shekarun 1980. Yawancin 'yan ajinku za su haddace wannan, su zuba a jarrabawa, su manta. Kai kuma duk ranar da aka koyar da wani abu, a daren nan ka gwada yinsa.

An yi lakca a kan zubi da tsari? Ɗauko labarinka na makon jiya ka fara shi daga ƙarshe, ka ga ko zai tsaya. An yi magana a kan mai ba da labari? Ɗauki tatsuniyar Gizo da kura da ka sani tun kana yaro, ka sake ba da ita daga bakin kura, wadda kullum ita ake cuta kuma ba a taɓa jin ta bakinta ba. An koyar da adon harshe, kamance da siffantawa da mutuntarwa da kambamawa? Rubuta kamance goma a kan zafin watan Afrilu, ka soke duk wanda ka taɓa ji a bakin wani. Idan ɗaya ya rage, ka ci riba. Mafi yawan lokuta ba ya raguwa, sai ka sake goma.

Haka za ka yi da littattafan da aka ɗora muku. Karatu biyu za ka yi wa kowanne. Na farko na jarrabawa. Na biyu da fensir a hannu, kana tambayar abin da malami ba zai tambaya ba: a wane shafi ne na fara damuwa da wannan yarinyar, kuma me marubucin ya yi a wurin? Ina ya tsallake shekara uku da jimla ɗaya? Me ya sa na gaji a babi na shida? Wurin da ka gaji ya fi koyar da kai fiye da wurin da ka ji daɗi, domin daɗi yana rufe ido.

Kada ka raina kwasa-kwasan harshe da na al'ada, kamar yadda na yi a farko. Ginin jimla shi zai nuna maka dalilin da ya sa wata jimlar taka take ɗingishi, musamman wadda ka yi tunaninta da Turanci ka zuba ta da Hausa. Kwas ɗin al'ada kuwa, na sana'o'i da aure da sarautu da magungunan gargajiya, rumbu ne. Ba za ka iya rubuta maƙeri ba idan ba ka san zugazugi da uwar maƙera da awartaki ba, kuma mai karatun da ubansa maƙeri ne zai kama ka a layin farko. Idan aka tura ku binciken fili, kada ka kwafa daga na abokinka. Je ka zauna a marina ko majema da kanka, ka dawo da amsar malami a takarda ɗaya, da kayan labarinka a ɗaya.

Mataki na biyar: waƙa, ko da ba mawaƙi ba ne kai

Ɗalibai suna tsoron kwas ɗin aruli, wato ilimin awon waƙa, kamar lissafi. Ba shi da wuya haka. Gaɓar Hausa iri biyu ce a awo: marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, da mai nauyi, wato baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko wadda ta rufe da baƙi. Jeranta waɗannan shi ke ba da kari. Bahar, wato kari, goma sha shida ne a arulin Larabci, kuma malaman ƙarni na 19 da waɗanda suka biyo su sun ɗora waƙoƙin Hausa a kan da yawa daga ciki, irin su mutaƙarab da kamil da ramal da rajaz. Rubuce-rubucen Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo a kan feɗe waƙa za ka same su a jerin karatunku ko ka so ko ka ƙi.

Abin yi: zaɓi kari ɗaya, ka rubuta 'yar ƙwar biyu, wato waƙar da kowane baitinta layi biyu ne, mai baiti goma, da amsa-amo guda har ƙarshe. Rera ta da baki, kada ka tsaya duba ta da ido. Inda numfashinka ya sarƙe, nan ɗango, wato layin waƙar, ya karye. Yi haka sau ɗaya a wata. Waƙoƙin ba lallai su yi kyau ba, nawa ma na ɓoye su. Amfanin shi ne kunnenka zai buɗe, ka dawo zube kana jin nauyin kalma kafin ka ajiye ta.

Mataki na shida: kafa da'ira

Abin da ya sa tsarin ƙasashen waje yake aiki ba wani sihiri ba ne, zama ne da ake yi a karanta rubutun ɗalibi a gaban 'yan'uwansa a feɗe shi. Wannan ba sai da izinin hukumar jami'a ba. Nemo mutum huɗu zuwa shida masu rubutu da gaske. Kada su wuce haka, kuma kada duk su zama abokanka na ƙut da ƙut, domin kunya za ta hana su faɗin gaskiya. Ku sa rana ɗaya a mako, awa biyu, ko a gindin darbejiya ne.

Ga yadda zaman yake tafiya. Mutum biyu ne ke kawo aiki a kowane zama, kuma su tura shi kwana uku kafin ranar, kada ya wuce shafi biyar. Wani ne zai karanta shi a bayyane, ba mai shi ba, don mai shi ya ji inda harshen mai karatu ya yi tuntuɓe. Daga nan kowa ya faɗi abu biyu: me ya fahimta ya faru a labarin, kuma a ina hankalinsa ya fita. Duk tsawon wannan lokaci marubucin ba ya cewa uffan. Wannan ƙa'ida ita ce mafi wuya kuma ita ce ginshiƙi. Da ya fara "ai abin da nake nufi shi ne", zaman ya lalace, domin ba zai bi kowane mai karatu gida ya yi masa bayani ba. A ƙarshe a ba shi minti biyar ya yi tambaya, ba kare kai ba. A haramta "ya yi daɗi" da "Allah ya ƙara basira" sai an kawo hujja.

Za a yi fushi. A tamu da'irar akwai wanda ya daina gaishe ni har tsawon zango guda saboda na ce tauraruwarsa ba ta da wani aiki sai kuka. Ya dawo da kansa, ya kuma gyara ta.

Mataki na bakwai: kwas ɗin ƙirƙira da malaminsa

Idan kwas ɗin ya zo, yawanci a aji biyu ko uku, kai ka riga ka tara kaya. Kada ka miƙa abin da ka rubuta a daren jiya. Ɗauko wanda da'ira ta riga ta tattaka, ka sake gyara shi. Na tuna labarin farko da na miƙa. Ya dawo ja-wur da biro, a ƙasa malamin ya rubuta cewa wannan wa'azi ne aka sa masa sunayen mutane. Na yi kwana biyu ina jin haushi, amma gaskiya ya faɗa. Cutar da ta fi kama ɗalibin adabi ke nan: an koya masa jigo, sai ya fara da jigo, ya ce zai rubuta illar auren dole ko shaye-shaye, sannan ya nemo mutanen da za su ɗauki kayan. Fara da mutum da abin da yake so da abin da ya tare masa hanya. Jigo zai fito da kansa, aikin mai nazari ne ya gano shi.

Ka nemi malami ɗaya a sashen wanda shi ma yana rubutu. Je ofishinsa a lokacin ganin ɗalibai, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Malam, ina da shafi uku, ko za a duba min idan an sami sarari?" Shafi uku, ba littafi guda ba. Mutumin nan yana da takardun ɗalibai ɗaruruwa a gabansa. Idan ya gyara, ka yi aiki da gyaran kafin ka koma.

Kuma kada labari ya cinye maka maki. Aikin zango yana ɗaukar 30 ko 40 cikin 100, jarrabawa ta ɗauki sauran. Daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa a ma'aunin 5, ta biyu babba daga 3.50. Idan kana da niyyar digiri na biyu ko neman tallafin karatu a waje, wannan lambar za a fara dubawa kafin a karanta ko layi ɗaya na labarinka.

Mataki na takwas: leƙa waje

Daga aji uku ka fara fitar da aiki. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma ana zaman karatu inda sabon marubuci zai iya tashi ya karanta nasa. Idan mace ce ke, gasar Hikayata ta BBC Hausa tana gudana tun 2016, kuma iyakarta ta kalma 1,000 zuwa 1,500 horo ce mai kyau, domin za ta tilasta miki yanke duk wata doguwar gaisuwa da bayanin kayan ɗaki. Ki bi sharuɗɗan gasa harafi da harafi. Sannan abin da kake son turawa gasa ko bugawa, kada ka fara watsa shi a Facebook ko zaurukan WhatsApp. Yawancin gasa ba sa karɓar abin da ya riga ya fita, kuma a can ne ake cire sunan mutum a sa na wani.

Idan yajin aikin malaman jami'a ya faɗo, kamar na wata takwas da aka yi a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kada ka tsaya ƙirga kwanaki. Kalma 300 a rana har wata takwas ta haura 70,000. Littafi ne sukutum.

Mataki na tara: kundi

A aji huɗu za a raba ku ga malamai masu duba kundin digiri. Tambayi sashenku tun a ƙarshen aji uku ko suna karɓar aikin ƙirƙira a matsayin kundi, wato tarin gajerun labarai ko wasan kwaikwayo tare da sharhi. Idan sun yarda, shi ke nan. Idan kuwa sai nazari mai babi biyar, to zaɓi batun da zai ciyar da littafin da kake rubutawa. Labarinka a kan fatake ne? Yi kundi a kan fatauci a adabin baka, ka sami dalilin zuwa Gidan Arewa ko Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ka zauna da tsofaffin da suka yi safarar goro. Matsalarka hirar taurari ce? Yi nazarin yadda wani gwani yake sarrafa zance, ka ƙirga, ka kwatanta. Aiki ɗaya, ka ci biyu.

Zangon ƙarshe ba lokacin fara sabon labari ba ne. Buga wanda kake da shi a takarda, domin ido yana ganin kuskure a takarda fiye da a waya. Karanta shi da murya daga farko har ƙarshe, cikin kwana uku ko huɗu, da jan biro a hannu. Ba mutum biyu daga da'irarku su karanta, ka karɓi lambobinsu na gida tun kafin a watse. Ajiye kwafi a wuri uku: imel ɗinka, filashi, da takardar kanta a cikin leda saboda damina. Ranar da za ka tafi sansanin bautar ƙasa, ka sa takardar a ƙasan jaka, ƙarƙashin farin takalmi, kada ka buɗe ta sai ka fito bayan mako uku.